Shinkafar ɓera a gidan da ake kiwon kyanwa

Uwargida, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kyanwa. Tun da muka shigo da buhunan masara bayan kaka ɓeraye suka addabe mu a ɗakin ajiya, ga shi kyanwarmu ta haihu makonni 3 da suka wuce, hankalinta duk yana kan 'ya'yanta, ba ta farauta kamar da. Maigida ya sayo shinkafar ɓera a kasuwar Sabon Gari, yana cewa idan aka zuba ta a bayan buhu babu abin da zai sami kyanwar tunda ba ta cin hatsi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin akwai yadda za a sa wannan magani ba tare da an cutar da ita ba?

Ɗalibin likitancin dabbobi, Samaru:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiyar maigida ce cewa kyanwa ba ta damu da hatsi ba, amma tana cin wanda ya ci hatsin. Yawancin magungunan ɓera suna hana jini daskarewa ne, kuma ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice, ya zama shi ne mafi sauƙin kamu ga kyanwa mai shayarwa da yunwa ke damunta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne alamun gubar ba sa bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da za a ga kasala, dasashi ya yi fari, numfashi ya yi wuya, wani lokaci har da jini a hanci ko a kashi. Wannan nau'in yana da makari, wato bitamin K1, wanda likita ke bayarwa na tsawon makonni. Akwai kuma wani nau'in da ke kisa cikin sa'o'i kaɗan, ba shi da makari, shi ya sa idan abu ya faru ake so a tafi da kwalin maganin zuwa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ko wurin likitan dabbobi mafi kusa, kada a jira sai ta kwanta.

Ina roƙon ki kuma kada a ɗura mata manja ko madara, domin ba sa karya guba, kuma suna iya sarƙe ta su shiga huhu. Farasitamol ya fi su muni, saboda hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta.

Mai tantabaru, Ƙofar Doka:

'Yar'uwa, ki ji maganar ɗalibin nan. Ni fiya-fiya ce ta yi mini ɓarna, ranar da aka yayyafa ta saboda sauro a ɗakin da ke jikin akurkin tantabaruna, da gari ya waye na tsinci guda 6 a mace. Gubar da ke cikinta ita ce a cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019, kuma kyanwar da ta taka inda aka zuba za ta lashe ƙafarta. Ki koma ga tarko, amma ban da na gam, domin nan da makonni kaɗan 'ya'yan za su fara yawo, kuma ɗan kyanwa yana mannewa a kansa kamar yadda ɓera ke yi.

Goggo, Kwarbai:

'Yata, ni ko tarkon ƙarfen ban yarda da shi ba sai a ɗakin da ake kullewa, don na taɓa ganin ya karya ƙafar mage. Ku toshe ramukan da siminti, ku juye masarar a duro mai murfi, abin da ya rage a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Ki kuma ƙara wa uwar abinci, amma ki daina ba ta ragowar miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin mage da na kare. Idan kuna da rijiya a tsakar gida, a yi mata murfi kafin ƙananan su fara hawa.

Uwargida, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsoshinku, ya ɗauke maganin ya kulle a akwati, gobe kuma zai kira magini ya duba ramukan. Ragowar miya kuwa kullum ita nake ba ta, Goggo, daga yau sai kan kifi da tuwo.