Wai da Gaske Barkwanci Ya Bi Ibro Kabari?

Baban Walida: Salamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce kuma ba zan janye ba: tun ranar da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014 aka rufe babin barkwanci a ƙasar Hausa. Abin da yaran nan suke yi a TikTok ba barkwanci ba ne, ihu ne da ashar da tsalle-tsalle. Ibro, Allah Ya jiƙansa, ko bakinsa bai buɗe ba, yana leƙowa da jar hular nan an fara dariya. Yau wa yake da wannan? A kawo min sunan mutum ɗaya.

Auta: Wa'alaikumus salam. Yaya, an fara ke nan. Duk wanda ya haura arba'in gani yake dariya ta ƙare a zamaninsa.

Baba na Kakuri: Kai Baban Walida, yaro man kaza. Wato kai a wajenka daga Ibro aka fara? Ina ka baro Samanja Mazan Fama? Usman Baba Pategi da yake fitowa a Samanja soja ne na gaskiya, ba na wasa ba, ya sa kaki ya yi aiki, shi ya sa in ya daka tsawa a talabijin ɗin Kaduna duk wanda ya taɓa zama a bariki sai ya ga wani samanja da ya sani. Hausar barikin nan tasa, a cakuɗa ta da Turancin soja, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, ga gashin baki yana rawa. Abin dariyar kuma ba tsawar ba ce. Mutumin da kurata suke karkarwa in sun ji takunsa, shi ne zai koma gida a rasa mai jin tsoronsa. Ga Ƙasimu Yero, ga Karkuzu na Bodara a Jos, ga Golobo a Sakkwato. Da Ibro ya fito, mu ma cewa muka yi an ɓata wasa.

Baban Walida: Baba, Allah Ya ƙara girma, ban raina su ba. Amma su Samanja gidan talabijin na gwamnati ne ya ɗauke su, sai mai akwati da wutar lantarki yake ganinsu. Ibro kuwa kaset ɗinsa har ƙauyen da ba a san falwaya ba ya shiga, a ɗora janareto a tara yara. Kuma shi talaka yake fitowa, irin talakan da yake ganin ya fi kowa wayo, ya ƙulla dabara tun safe, kafin la'asar dabarar ta kama wuyansa. Kowa yana da irin wannan a danginsa. Sannan duk abin da duniya take magana a kai sai ya ɗauko ya sa masa rigar ƙauye, ya fito a Usama, ya fito a Saddam, ya fito a Awilo. Wa ya isa?

'Yar Zariya: Kanawa dai ba a raba ku da cika baki. To bari in tambaya, Yaya. A lokacin da Ibro yake raye, wace daraja kuka ba shi? Ba ku ne kuke kiran finafinansa camama ba, kuna cewa na 'yan ƙauye ne, ku sai na soyayya da rawar Indiya? Kuma a Kanon nan taku aka gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka a 2008, zamanin da Malam Rabo yake riƙe da hukumar tace finafinai, aka yanke masa wata 2 a gidan yari. Mutumin da shi kansa tsohon ma'aikacin gidan yari ne. Yau da ba shi, ya zama gwani na gwanaye, su kuma na raye su ne 'yan iska.

Baban Walida: Bazazzagiya, ke da bakinki ba ya gajiya. Ni dai ban ɗaure shi ba.

Malamin Hausa: Ku ba ni dama in sa baki. Ina ganin kuna gardama a kan mutane, alhali abin da ya kamata a duba shi ne me ke jawo dariyar. Ku ɗauki wasan tashen nan da yara suke yi in azumi ya kai kwana 10, wanda ake yi wa yaro gemun auduga, a naɗa masa rawani, a ba shi allo da carbi, sauran su taru suna tuhumarsa da cewa malam ya yi rawa. Shi kuma ya dage bai yi ba, ya fusata, ya nemi a kawo shaida. Ana cikin haka kiɗa ya ratsa shi, sai ga malam yana taka rawar da ya gama rantsuwa bai yi ba. Babu ashar ko ɗaya a ciki, babu wanda aka kama suna. Amma kowa ya san malamin da yake hana abu da rana ya yi shi da dare. Wanda ya tsara wannan wasa ba a san sunansa ba, kuma ya girmi Ibro, ya girmi Samanja, ya girmi talabijin ɗin kanta.

Haka 'yan kama. Su ɗauki muryar mai wa'azi, da kakkaryar harshe da tsayawa a ja numfashi, amma duk bayanin a kan tuwo da miya da nama ne. Sigar ta girma ce, abin da ke ciki na ciki ne. Wannan saɓanin shi yake fasa dariya. Samanja ma shi ne, zaki a fareti, ba kowa ba a gida. Ibro ma shi ne. To in dai ana samun mai girman da zai zame, da mai wayon da zai faɗa ramin da ya haƙa, ban ga yadda za a ce abin ya mutu ba.

Maman Ikram: Malam ya gama magana. Ni wanda ya fi ba ni dariya a 'yan kwanakin nan wani ɗan gajeren bidiyo ne, ko minti biyu bai kai ba, yaran ma ban san su ba. Baƙo ya yi sallama daidai an sauke tukunya. Maigida ya ce bismillah, baƙo ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Ka san al'ada, jira yake a sake yi masa tayi sau biyu kafin ya matso. Sai maigida ya ce to madalla, ya ja kwano gabansa. Shi ke nan. Sauran duk fuskar baƙon ce, yana bin kowace loma da ido, yana ta jawo hirar da za ta dawo da zancen abinci, har da tambayar ko wannan shinkafar 'yar gida ce. Wallahi sai da na yi hawaye. Wannan ba ashar, ba ihu, kuma yaran ba su wuce shekara ashirin ba.

Baban Walida: Hajiya, ɗaya a cikin dubu kika tsinto.

Auta: To ai a zamanin kaset ma haka ne, Yaya. Camama nawa aka zuba a kasuwannin kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano waɗanda yau ko sunansu ba mai tunawa? Masu kyaun ne suka rage a ranku. Ni ina ɗan taɓa harkar nan, bari in faɗa muku yadda take. Ibro yana da awa guda da rabi, mutum ya sayi kaset da kuɗinsa, dole ya zauna ya kalla. Ni kuwa in ban riƙe mutum a daƙiƙun farko ba, ya shafa waya ya wuce, kuma datarsa yake lissafi. Shi ya sa kuke ganin ana buɗewa da ihu ko mari. Ba don ba mu iya shimfiɗa labari ba ne. Sannan ku da kuke zagin masu ashar, ku ne kuke tura bidiyonsu a zaurukan WhatsApp kuna cewa ku ga lalacewa. Kowace turawa ƙarin kallo ce. Mai wasa mai tsafta ya kwana yana tsarawa, ba mai tura nasa.

Baba na Kakuri: Wannan uzuri ne, ɗana. Yunwa ba ta halatta a tare dattijo a hanya a firgita shi ana ɗauka a waya.

Auta: Baba, wannan ni ma ban goyi baya ba. Amma ba shi ke nan abin da ake yi ba.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Wanga batu na Baba shi na kawo ni. Mu nan Nijar wasan dangi ba ƙaramin abu ba ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, shekarar da Ibro ya rasu. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Ba'are da Bafillace, kowa ya san abokin wasansa. Ku ma kuna da shi, ga Bakano da Bazazzagiya nan suna yi tun ɗazu ba wanda ya yi fushi. Amma wasan yana da doka. Wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, kuma ya san wasa ne. In Babarbare ya ce Bafillace bawansa ne, Bafillace zai mayar masa nan take, a yi dariya a sha hura tare. To tsohon da aka tare a kasuwa aka ce masa an sace masa akuya don a ɗauki firgitarsa, ina bakin ramawarsa? Gobe jikokinsa za su gan shi a waya yana salati yana gudu. Wannan cin mutunci ne.

'Yar Zariya: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma in da wannan ma'aunin za a auna, to camamar da ma ba ta tsira ba. Sau nawa aka fito da Bagwari ko Bafillatanin daji a matsayin wanda bai san komai ba? Sau nawa aka mai da gurgu ko mai in'ina ko wada abin dariya don halittarsa kawai? Su wa ya ba su bakin ramawa? Muna yara mun yi dariya, amma akwai 'yar ajinmu mai in'ina da ta daina ɗaga hannu a aji saboda sunan da aka liƙa mata daga wani fim.

Baban Walida: Ke kuma kin cika zurfafawa. Ai su Fulanin sun fi kowa sayen kaset ɗin.

'Yar Zariya: Sayen kaset ba shi ne yarda ba, Yaya. Ina wani kaset ɗin da za su saya?

Malamin Hausa: Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Ana cewa na yanzu ba su da ƙarfin halin taɓa manya. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan wancan lokaci, Ganduje. Ko ka ce sun wuce gona da iri ko ka ce an zalunce su, shekara 14 ke nan tsakaninsu da ɗaurin Ibro, gari ɗaya. A da mai tashe da ɗan kama suna da rigar kariya, ana cewa wasa ne, sarki ma ya yi dariya ya ba da kyauta. Nalako, sarkin gwauraye, da tawagarsa sukan bi gwauraye da kiɗa a cikin birnin Kano, ba wanda yake kai su ƙara. Yanzu wasan ya bar ƙofar gida ya shiga waya, mutum dubu ɗari suna gani, wanda aka taɓa ba ya iya shanyewa.

Maman Ikram: Kuma ba a ce komai a kan shirin Gidan Badamasi ba. Tsoho mai kuɗi mai maƙo, 'ya'ya rututu kowa yana lissafin gado tun mai shi yana numfashi. Gidanmu har surukata take zama a kalla. Wannan ai bayan Ibro aka yi shi. Ga Bosho, ga Daushe, ga Naburaska, duk suna nan.

Baban Walida: Hajiya, waɗanda kika lissafa ai duk tare da Ibro suka taso, hujjata kika ƙarfafa. Ni cewa na yi a kawo min sabon jini guda ɗaya wanda tsohuwa a Wudil da ɗan jami'a a Zariya da direba a Agadas duk za su san shi da ganin hularsa. Har yanzu ba a kawo ba.

Auta: Ba za a kawo ba, Yaya, domin yanzu ba allo ɗaya ake kallo ba. A da gida guda talabijin guda, abin da aka saka shi kowa zai gani, dole a san mutum ɗaya. Yau a ɗaki guda mutum biyar waya biyar, kowa da wanda yake ba shi dariya. Ko Ibron ne ya dawo yau, sai ya yi gogayya da yara dubu kafin tsohuwar Wudil ta gan shi.

Baba na Kakuri: Da ya gagare su kuwa. Wannan kam zan ba Baban Walida gaskiya, duk da ya tsallake Samanja. Akwai baiwar da ba a koyonta. Sai dai ni har gobe a jerina Ibro na uku ne.

Baban Walida: Na uku, Baba? Wane ne na biyun?

Baba na Kakuri: Ƙasimu Yero. Je ka nemi tsofaffin wasanninsa ka kalla tukuna, sannan ka dawo mu yi magana.