Tumbi bayan shekara 40: shekaru ne, ko wani abu ne daban?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da damuwar da nake so masu sani su haska mini.

Shekarata 46, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ana saura mako uku Sallah na kai ɗinki wajen telan da yake yi mini aiki tun ina saurayi. Ya zagaya tef a ƙuguna, ya duba, ya sake zagayawa, sannan ya jawo tsohon littafinsa na awo wanda bangonsa duk ya cinye, ya buɗe shafin da sunana yake. Inci 33 ne rubutun farko. An soke an sa 36. Ranar kuwa 40 ya rubuta. Bai ce komai ba, amma har na isa gida abin yana raina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wallahi abincina bai canza ba. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare. Kuma ƙibar ba ta game jiki ba, hannuwana ma kamar sun ƙara sirancewa, ciki ne kaɗai ya yi gaba. Uwargida ta ce kwanciyar hankali ce. Abokaina a kasuwa suka ce da zarar mutum ya haura 40 jikinsa ya daina ƙona abinci, sai dai haƙuri. Ni kuwa ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifina, kuma na ga irin wahalar da ya sha da ƙafarsa. Shin gaskiya ne babu abin da zan iya yi?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Abin da abokanka suka faɗa mu ma haka muka ɗauka shekara da shekaru, har sai da wani babban bincike ya fito a mujallar Science a 2021. Herman Pontzer na Jami'ar Duke ta Amurka da abokan aikinsa sun haɗa awon mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Da suka daidaita lissafin da girman jikin kowa, sai suka ga ɗan shekara ɗaya ne ya fi kowa ƙona abinci, kusan kashi 50 cikin 100 sama da babba. Daga nan abin yana sauka sannu a hankali har shekara 20. Tsakanin 20 da 60 kuwa a tsaye yake cak. Sai an wuce 60 yake fara raguwa, shi ma bai kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba.

Amma akwai ƙofar da shekaru ke shigowa ta ciki, wato tsoka. Daga wajen shekara 30 tsokar da ba a aiki da ita tana zubewa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, ita kuwa tsoka ta fi kitse cin abinci ko kana zaune. Sirancewar hannun da ka ambata ita ce ta fi ɗaukar hankalina.

Don Allah ka amsa mini: kana ɗan shekara 25, da me kake zuwa kasuwa, wa ke ɗaukar dila, kuma me kake sha tsakanin azahar da la'asar?

Sannan ka sake awon da kanka, a tsaye, saitin cibiya, bayan ka saki numfashi, don tela yakan auna ƙasan ciki inda wando ke zama. Inci 40 kusan santimita 102 ke nan, kuma wannan ita ce iyakar da ake kallon namiji ya shiga haɗarin suga da hawan jini. Kitsen ciki ya fi na cinya illa saboda yana kewaye da hanta da hanji. Da tarihin Baba, kada ka jira sai ka ji ciwo, ka je a gwada maka suga da hawan jini.

Maman Biyu:

Yaya, ni mace ce amma bari in sa baki. Shekarata 53. Lokacin da al'adata ta fara ɗaukewa, nauyina a sikeli bai ƙaru sosai ba, amma kitsen ya bar ƙugu da cinya ya dawo ciki, zannuwana suka daina zagayowa yadda suka saba. Ga rashin barci, in na farka ƙarfe biyu na dare sai in ji yunwa. Na sayi wani shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya, kwana huɗu ina zawo, na rame a ido, bayan mako biyu komai ya dawo. Ruwan jikina kawai ya zubar. Ka rufa wa kanka asiri ka bar irin waɗannan. Abin da ya yi mini amfani shi ne tafiyar da nake yi da maƙwabciyata bayan sallar asuba, da kuma rage ludayin man da nake zubawa a miya daga biyu zuwa ɗaya. Mutanen gidan ko lura ba su yi ba.

Tsohon Hedimasta:

Ɗana, ni nawa akasin naka ne. Na kai 68, cin abinci ya ragu, jiki ya yi sanyi, tashi daga sujada sai na dafa ƙasa. Abin da nake so ka ji: kada neman rage tumbi ya sa ka horar da kanka da yunwa, tsokar za ka ƙara zubarwa, kuma ita za ka nema ido rufe in ka kai shekaruna. Wake, ƙwai, kifi, nono, kada ka yi wasa da su. Dattijon da kuka ga yana ramewa haka kawai kuma, ku kai shi asibiti, kada ku ce tsufa ne.

Ɗan Kwari:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Malama, tambayoyinki sun hana ni barci jiya. Ina yaron shago, a keke nake zuwa daga Kurna, in koma a keke, kuma ni ke sauke dila daga mota in hau da ita bene. Yanzu mashin ne har ƙofar shago, yara biyu ke ɗaukar kaya, ni ina kan benci daga safe har magariba. Shayi mai madara kofi biyu, in ana zafi lemon kwalba biyu, in baƙo ya zo a ƙara. Ban taɓa lissafa su a abinci ba. Na auna saitin cibiya, 41 ne. Gwajin sugan, da azumi ake zuwa?

Malamar Jinya:

E, Alhaji. Awa 8 ba ka ci komai ba, amma za ka iya shan ruwa, don haka da sassafe ya fi sauƙi. In sakamakon ya kai 126, ko 7.0 in da ɗayan ma'aunin suka rubuta, za a sake gwadawa wata rana kafin a tabbatar ciwon suga ne. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 35 yana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa kusan 12 ta ce kada babba ya wuce a yini gaba ɗaya. Ka fara da rage lemon. In ka karɓo takardar, ka rubuto mini lambar da ke jiki.