Dan Allah yaushe ake ninkawa, yaushe ake tarawa a lissafin yiwuwa?

Ummin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. WAEC ta matso kuma wannan furobabiliti ɗin wallahi yana juya min kai, yau malam ya ce a ninka gobe ya ce a tara, ni kuma ban san me zan duba a tambaya in gane wanne zan yi ba. Misali faranti akwai jan goro 5 da fari 3, aka ɗauki biyu ɗaya bayan ɗaya, meye yiwuwar duka su fito ja? Ni 25/64 na samu aka ce ba daidai ba.

Malam Na Bayan Layi:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Da an mayar da goron farko cikin farantin kafin a sake ɗauka da amsarki ta yi, 5/8 sau 5/8 kenan. Amma ba a mayar ba ai, an ɗauke ja ɗaya saura ja 4, goron gaba ɗaya kuma ya koma 7, kin ga ɗaukar farko ta shafi ta biyu. Sai ki yi 5/8 sau 4/7, ya ba ki 20/56, in kika rage 5/14. Duk inda tambaya ta ce wannan DA wancan su faru ninkawa ake, amma ki tsaya ki duba ko na farkon ya canza abin da ya rage.

Ɗan Ludo:
Ni da dayis ɗin ludo na gane na tarawa. Jifa ɗaya ba zai ba ki 6 kuma ya ba ki 1 lokaci guda ba, to in an ce 6 KO 1 sai 1/6 da 1/6 ya zama 1/3. Tarkon yana inda abubuwan za su iya haɗuwa, kamar a ce lambar da ke rabuwa biyu ko wadda ta fi 4, nan 6 ta shigo sau biyu dole ki cire ta sau ɗaya, 3/6 da 2/6 a debe 1/6 saura 2/3.

Anti Nas:
Ummi ki riƙe wannan darasin da kyau, ya wuce jarrabawa. A asibiti nake aiki kuma abin da ke ƙona min rai shi ne maganar sikila, miji AS mata AS, kowane ciki yiwuwar a haifi SS, wato mai sikilar, 1/4 ne, sai ka ji mutum ya ce ai na farko ya zo da ita sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne wallahi, ciki bai san abin da ya faru da wanda ya gabace shi ba, ba kamar goronki ba ne da ake ɗauka yana raguwa, kowane karo 1/4 ɗin ce ke dawowa sabuwa. Yara biyu duka SS 1/16 ne, a ce duka biyun sun kuɓuta kuwa 3/4 sau 3/4, wato 9/16, kaɗan ya haura rabi.

Ummin Lissafi:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Kenan Anti yara uku duka su kuɓuta 27/64 ne, bai ma kai rabi ba?

Anti Nas:
Haka ne 'yata, kin samu daidai.