Tiyatar gyaran ciki: wace matsala ke biyo baya, kuma yaya ake rage tabon?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum. Macen da fatar cikinta ta saki bayan haihuwa huɗu, tana son a yi mata tiyatar da ake yanke fata a ɗaure tsoka, me ya kamata ta kiyaye? Kuma tabon yana ɓacewa?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Maman Haidar. Ba ƙaramin aiki ba ne. Ana yanka a ƙasan mara daga wannan ƙashin ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fata har kusan ƙirji, a ɗinke tsokar da juna biyu ya raba, a yanke rarar fata, sannan a huda wa cibiya sabon wuri.

Matsalar da aka fi gani ita ce taruwar ruwa a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga. Shi ya sa ake barin roba tana tsiyaye shi, ba a cirewa sai abin da ke fita ya gaza mililita 30 a awa 24, kuma a sa ɗamarar ciki mako 4 zuwa 6. In ya taru, likita ne zai zuƙe da sirinji, ba a matsawa a gida.

Wadda ke kisa kuwa daskarewar jini ce a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ta tashi ta taka tun ranar farko, a ɗan sunkuye don kada ɗinki ya ja. Kumburin ƙauri ɗaya ko ɗaukewar numfashi, asibiti nan take. Masu zuwa Turkiyya ko Masar a yi musu aikin, su hau jirgin dawowa bayan 'yan kwanaki suna ƙara wa kansu wannan haɗarin.

Kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako 6, goyo ma yana ciki. In kuma ba ta gama haihuwa ba, ta dakata.

Likitan fiɗa:
Ƙari kan bayanin 'yar'uwa: tsakiyar ɗinkin nan ne jini ya fi ƙarancin kaiwa, don haka nan fata ke baƙi ta mutu. Sigari da shisha suna tsuke jijiyoyin jini, a bar su mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa. Mai ciwon sukari sai sukarinta ya daidaita. Abin da ake mantawa: ƙasan cibiya kan mutu da ji na watanni, gashi da ruwan zafi sai ya ƙona fatar ba ta sani ba.

Likitar fata:
Hajiya, tabon ba ya ɓacewa, dushewa yake yi, kuma yana ɗaukar wata 12 zuwa 18. A watannin farko ma yakan ƙara duhu da tauri.

Da zarar ciwon ya rufe, ba ɓawo ba ruwa, wajen mako 2 zuwa 3, a fara manna shimfiɗar silikon, wato wata roba mai laushi ta rage tabo, a kai, awa 12 zuwa 24 kullum, wata 2 zuwa 3 aƙalla. Filastar takarda ma tana rage jan da ke faɗaɗa tabo. Man kaɗanya yana tausasa fata, yana da daɗi wajen murza tabon, amma ba ya hana shi tasowa. Man bilicin mai sinadarin sitiroyid kuwa yana sirantar da fata ya jinkirta warkewa, ta gaya wa likita in tana shafawa.

Baƙar fata ta fi yin tabo mai tsiro, wanda ke wuce iyakar yankan, wato kiloyid. Ta duba hujin kunnenta ko ɗinkin tiyatar haihuwa. In sun taso, likita ya sani tun kafin wuƙa. Maganinsa allurar sitiroyid mai suna triamcinolone a cikin tabon duk mako 4 zuwa 6, kodayake takan sa wurin ya yi fari ko ya lotsa. Yanke shi kawai ba tare da allura ko gashi da hasken na'ura irin na masu ciwon daji ba, yawanci dawowa yake yi, wani lokacin ya fi na da girma.