Taƙaitawar shawarwari kan sarrafa fankar banɗaki ta wayar hannu

1. Duk waɗanda suka ba da shawara kan yadda za a riƙa kunna fankar banɗaki da kashe ta ta wayar hannu sun amince cewa a kashe wuta daga babban makunnin gida, sannan a gwada wayoyin da testa, domin fanka mai ƙidayar lokaci (wadda ke ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an kashe fitila) tana da wayar da ke ɗauke da wuta ko da fitila a kashe take.

2. Yawancin na'urorin kunnawa da kashewa ta wayar hannu, irin na Shelly da Sonoff, suna buƙatar wayar nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), wadda sau da yawa ba ta kaiwa akwatin makunni.

3. A ɗaura na'urar a wajen banɗaki, nesa da tururi. Makunnin rage hasken fitila bai dace ba, yana sa injin fankar ƙugi da zafi.

4. Kan abin da zai riƙa sarrafa fankar, ra'ayi ya rabu tsakanin na'urar auna danshi da ƙayyade mintuna kawai. Wasu sun nace a kira mai aikin wuta, kuma ina tare da su.