Ƙungiya ta yanke mana farashin biredi, doka ta yarda da haka?

Mai Gidan Biredi, Gombe:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta zauna ta tsayar da farashi ɗaya. Duk wanda ya karya, a ci shi tara, in ya ƙi biya a hana dillalai ɗaukar biredinsa. Don Allah masana, wannan yana kan doka?

Lauya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Sam ba ya kan doka. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai sa ido kan wannan fanni, ta haramta shi a sashe na 59. Kuma ba sai an rubuta yarjejeniya ba, shawarar da ƙungiya ta zartar ma ta shiga ciki. Sashe na 107 ya tanadi hukuncin haɗa baki kan farashi: kamfani tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na bara, ciniki fa ba riba ba, mutum kuwa ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun.

Ƙungiya tana da damar haɗa kuɗi ta sari fulawa da sukari da sauƙi, ta sa ido kan tsafta, ta kai kuka kan haraji. Farashi da rabon unguwanni ne ba huruminta ba.

Malamin Tattalin Arziki:
Barista ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Irin wannan ta faru a Afirka ta Kudu, kuma a kan biredin. A 2007 an ci kamfanin Tiger Brands tarar kusan rand miliyan 99, kuɗin ƙasar. Kamfanin Premier Foods, wanda da shi aka ƙulla abin, ya tsira saboda shi ya fara fasa ƙwai. Yawanci ta haka asirin yake tonuwa, domin na ciki ne ya san ranar zama da abin da aka faɗa. A Amurka, ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890, ɗauri yana kai shekara 10. Tarayyar Turai ba ta ɗauri, amma tararta tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani na duk duniya.

Hajiya Mai Shagon Fulawa:
Alhaji, inda ƙorafi yake mutuwa shi ne hujja. Don kowa ya ƙara kuɗi a mako guda bai isa ba, za su ce buhun fulawa da gas ne suka tashi, kuma gaskiya ce. Abin da zai kama su shi ne takardar sanarwar farashin mai hatimi, rasit ɗin tarar, da saƙon WhatsApp da aka gargaɗi dillalai, a ɗauki hotonsa da kwanan wata kafin a goge. Haɗa su ka kai ofishin hukumar na shiyya a Bauchi. In ka sa hannu a takardar zaman, fara ganin lauya tukuna, don kai ma kana ciki.