Tsohuwar ƙaramar bindiga ƙirar Makarov don kare kai, ya kuke gani?

Mazaunin Houston: Salam 'yan uwa. Ina da tsohuwar Makarov da na saya don ajiya kawai, to yanzu aikin dare nake a gidan mai, tunda jihar Texas ta nan Amurka ta yarda a ɗauki bindiga ba lasisi tun 2021 nace ko in riƙa fita da ita?

Kawu: Wslm ɗana. Ƙarko kam tana da shi, samun harsashinta mai lamba 9x18 ne wahala, ba kowane shago ke da shi ba.

Baƙon Dallas: Malam wlh in ka harba ko da gaskiyarka 'yan sanda za su riƙe ta shaida wata da watanni, haba abin ajiya guda! Nemi sabuwa.

Kawu: Ka ma tambayi maigidanka na wurin aiki tukuna?